Rage Shi, Amma Kak Ka Kashe: Ɗan Tarihin Maɓallin Murya

Ƴan uwa, da aka ce kowa ya kawo rubutun tarihi don wannan fitowa, na san da yawanmu za su nufi sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ni kuwa abin da na kawo bai fi murfin kwalbar lemo girma ba. Maɓallin nan ne da ake murzawa a ƙara murya ko a rage, wanda muke ce wa bolim. Kar ku yi dariya tukuna. Wata biyar ke nan kusan kowane dare yatsuna biyu suna kansa, kuma shi ya tura ni binciken da zan ba ku labari.

Yayana makaɗin fiyano ne. Ba babban nan na katako da muke gani a fim ba, na kuran ne, na hannu, ya sayo shi a Kano da kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Da shi yake kiɗan biki da suna a unguwannin Tawa, wani lokaci a ɗauke shi har Keita ko Abalak. Baba bai taɓa son sana'ar ba. Bai hana ba, amma ya kafa sharaɗi ɗaya: kar ya ji ta daga zaure.

Bara, bayan girbi, Yaya ya bi sahun samarin Adar ya ɗauki jaka ya yi Libiya. Ana saura kwana biyu ya tashi, ya rufe kansa a ɗaki ya kaɗa kiɗa biyar, ya adana su a cikin fiyanon. Ya kira ni ya nuna mini: danna nan, zaɓi lamba, sake danna nan. Sai fiyanon ya kama kiɗa shi kaɗai, ba kowa a gabansa, daidai yadda ya kaɗa, har da wani wuri a na uku inda yatsansa ya zame ya taɓa na kusa. Da farko yana kira duk Juma'a. Daga baya sai saƙon murya jefi-jefi. Yau wata biyar ba mu ji komai ba.

Wani dare bayan isha'i Inna ta ce mini, "Kai, tada mini kiɗin yayanka." Na jona, na danna. Ashe maɓallin yana nan inda ya bar shi tun bikin ƙarshe da ya yi. Wallahi har awakinmu sai da suka zabura. Daga zaure na ji Baba ya yi gyaran murya sau ɗaya, na kai hannu zan kashe. Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Rage shi, amma kak ka kashe."

Na rage sosai. Ta saurara kaɗan ta ce, "Ina hannunai na hagu ya tahi?" Gaskiyarta, sautin ƙasa-ƙasa mai kauri da hannun hagu ke bugawa ya ɓace, sai siririn na dama. Washegari na zo da dabara: in kiɗan ya yi sanyi in ƙara, in ya taso in rage, don komai ya tsaya tsaka-tsaki. Ina jin kaina gwani. Ba a kai ƙarshe ba ta miƙe ta naɗe tabarmarta. "Wanga ba shi na ba," in ji ta.

Maganar ta tsaya mini a rai. Kiɗan ɗaya ne, ban canja ko ɗigo ba, murya kawai nake murzawa. To me na cire da har uwa ta daina gane ɗanta?

Kafin a yi maɓalli

A ƙasar nan tamu, ƙarar kiɗa ba ta taɓa zama abin wasa ba. Wanda ya leƙa aikin Farfesa Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa, mutumin da jami'armu ta Tawa ke ɗauke da sunansa, zai ga yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya karɓe Adar daga hannun Kabi wajen 1674. Sarautar da ta biyo baya, kamar sauran sarautun yankin, tana da kayan da ake jin ta da su. Tambari ba a buga wa kowa shi, kakaki ba a busa wa talaka. A wajen Abzinawa ma kalmar tambari ta zama sunan shugaban kansa, ba gangar kaɗai ba. Sauti mai nisan zango na mai iko ne. Mai gurmi ko molo kuwa a tsakar gida yake zama, wanda ke son ji ya matso.

Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan kayan, ƙarfin sauti da kiɗan kansa abu ɗaya ne. Ku tuna makaɗan kokowa a fili. In ɗan kokowa yana zagaye yana kirari, ganga tana tafiya a hankali. In an kama, hannun makaɗi ya yi nauyi, jama'a su tashi tsaye. Ba wanda zai iya raba "kiɗan" da "ƙararsa" ya ba wani ya riƙe. Mai sauraro kuma bolim ɗinsa ƙafafunsa ne: ya matso ko ya ja baya.

Abin mamaki, sunan fiyano kansa daga wannan magana ya fito. Wajen shekara ta 1700, a birnin Firenze na Italiya, wani maƙerin kayan kiɗa mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙera wani sabon abu. Kafin shi, kayan kiɗan da ya fi yawa a gidajen manya mai tsinkar tsirkiya ne: ko ka danna da ƙarfi ko a hankali, kusan ƙara ɗaya za ka ji. Shi Cristofori sai ya sa ƴan guduma masu bugun tsirkiyar su koma. Ka taɓa a hankali, guduma ta tafi a hankali. Ka buga, ta buga. Aka riƙa kiran abin da kalmomin Italiyanci biyu, piano da forte, wato a hankali da kuma da ƙarfi. Da tafiya ta yi tafiya aka yar da rabin sunan. Ke nan duk lokacin da muka ce fiyano, "a hankali" muke cewa ba mu sani ba. An ƙirƙire shi ne musamman don yatsa ya mallaki ƙarfin kowane sauti ɗaya-ɗaya.

Fiyano mai kaɗa kansa

Kusan shekara ɗari biyu bayan haka, mutane suka so kiɗan fiyano a gida ba tare da wahalar koyo ba. A 1895, a Detroit ta Amurka, Edwin Votey ya haɗa wata na'ura da kamfanin Aeolian ya fara sayarwa da sunan Pianola a 1898. Akwati ce da ake turawa gaban fiyano, tana da yatsun katako. A cikinta akwai doguwar takarda a naɗe mai huda-huda. Mutum ya zauna yana taka fedal biyu kamar mai keken ɗinki, fedal ɗin yana zuƙe iska, duk inda huda ta zo daidai da rami sai iska ta shiga, yatsa ɗaya ya sauka. Daga baya aka shigar da na'urar cikin fiyanon kansa.

Takardar ta san wane sauti za a buga da kuma yaushe. Abin da ba ta sani ba shi ne da wane ƙarfi. Wannan ya rage wa mai taka fedal: ya taka da ƙarfi kiɗa ya taso, ya sassauta ya yi sanyi. Har layi ake zanawa a jikin takardar don nuna masa inda zai ƙara da inda zai rage. A nan, kiɗan ya zama na wani, ƙarfinsa kuma yana hannun wani, ko in ce a ƙafarsa. Na karanta wannan na yi dariya ni kaɗai, don na gane kaina. Daren da Inna ta naɗe tabarma, ni ne mai taka fedal ɗin da bai iya ba.

Masu ƙira sun ga wannan gibin. A 1904 kamfanin Welte na birnin Freiburg a Jamus ya fito da Welte-Mignon, wanda ya ƙara wasu huda a gefen takarda don su faɗa wa na'urar nauyin hannun makaɗin. Manyan makaɗa suka je aka ɗauki hannunsu: Gustav Mahler a 1905, Edvard Grieg a 1906. Grieg ya rasu a 1907, amma har yau in an sa takardarsa, fiyano zai motsa kusan yadda yatsunsa suka motsa. Ban so na daɗe a kan wannan misalin ba. Allah ya maido mana da namu lafiya. Kasuwar waɗannan fiyano ta kai ƙololuwa a shekarun 1920, sai rediyo da karyewar tattalin arzikin 1929 suka durƙusar da ita.

Yadda abin ya iso mana

Mu nan ba ta fiyano muka fara sanin kiɗan da ba makaɗi ba, ta garmaho ne. Ƴan cin rani da ke dawowa daga kudu su suka riƙa shigowa da shi. Kakana na wajen uwa yana ba da labarin wani ɗan garinsu da ya dawo daga Kumasi da garmaho, aka cika ƙofar gidansu har da masu leƙa ƙarƙashin akwatin suna neman mai waƙar. Garmaho na wani ba shi da maɓallin murya ko ɗaya, don ba kuran a cikinsa: allura ce ke bin layin faifai tana girgiza wani ɗan faranti, ƙaho ya faɗaɗa sautin. In kana son sanyi, ko ka canja allura, don akwai mai kauri mai ƙara da siririya mai laushi, ko ka cusa tsumma a bakin ƙahon. Kakana ya ce shi mutumin hularsa yake cusawa in liman zai wuce.

Maɓallin da muka sani ya zo ne tare da rediyo. An buɗe Radio Niger a 1958, wadda daga baya ta zama Muryar Sahel. A farkon shekarun 1960 aka kafa kulob-kulob na sauraron rediyo, inda mutanen gari ke taruwa gaban akwati ɗaya su saurari shiri, su tattauna a kansa. Ku yi tunanin wannan zama: mutum hamsin, akwati ɗaya, hannu ɗaya a kan maɓalli. Abin da a da sai mai tambari, wato ikon cewa ga iyakar inda sauti zai kai, ya dawo hannun duk wanda ke da kuɗin pil. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya ƙarasa aikin. Daga nan kowace fada ta samari da tata rediyo-kaset, kowane mai shayi da tasa, kowane maƙwabci da ƙorafinsa.

Shi kuwa kayan kiɗa mai dannawa na kuran, a Nijar sunan da ya kamata mu riƙe shi ne Mamman Sani. A shekarun 1970 ya samu wani ogan ƙirar Italiya, ya riƙa kaɗa waƙoƙin gargajiyarmu da nasa a kai. A 1978 aka ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa, aka buga kaset kaɗan. Shekara da shekaru ana sa kiɗan nasa tsakanin shirye-shirye a rediyo da tele, mutane sun haddace shi ba su san sunan mai shi ba. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi, duniya ta ji. Ku lura da aikin da aka ba kiɗan: a ɗaga shi in ba mai magana, a danne shi in mai gabatarwa zai yi magana. Makaɗin yana gidansa, maɓallin yana hannun ma'aikacin rediyo.

A Kano kuma, cikin shekarun 1990, masu fina-finan Hausa suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR. Mutum ɗaya a ɗan ƙaramin ɗaki yana fitar da ganga da sarewa da goge na kwaikwayo daga akwati ɗaya. Fim ɗin Sangaya na ƙarshen shekarun nan ya sa salon ya mamaye ko'ina, har aka raɗa masa suna kiɗan fiyano. Wannan salon ne ya haye iyaka ta Ƙonni da Maradi ya same mu, shi Yayana ya tashi yana ji. Kuma hanyar ba ɗaya ba ce, mu ma mun aika. Mdou Moctar, ɗan arewacin jiharmu, yankin Abalak da Cintabaraden, wanda shi ma ya taɓa zuwa neman kuɗi Libiya, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da gangar na'ura irin ta ɗakunan kiɗan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula ta Bluetooth, har ɗaya ta shiga tarin da Sahel Sounds ya fitar a 2011. Daga tambarin da sai sarki, mun kai ga zamanin da kowane yaro ke da maɓallin murya a aljihu.

Lamba 1 zuwa 127

To yaya fiyanon Yaya yake tuna hannunsa? Na ɗauka sauti yake ɗauka kamar kaset. Ashe ba haka ba ne. Jikan takardar nan mai huda ne. A 1983 kamfanonin kayan kiɗa na Amurka da Japan, da jagorancin Dave Smith da Ikutaro Kakehashi, suka amince da yare ɗaya da na'urorin kiɗa za su riƙa magana da shi, ana ce masa MIDI. A wannan yaren ba sauti ake adanawa ba, umarni ne: an danna kaza, a lokaci kaza, an saki a lokaci kaza. Kuma kowace dannawa tana tafe da lamba daga 1 zuwa 127, mai nuna saurin da yatsa ya sauka da shi. Taɓawa mai laushi tana iya zama 30, bugun zuciya ya haura 100. Abin da Welte ya yi da huda a gefen takarda, yanzu lamba ce.

A 1987 Yamaha ta kai wannan cikin fiyanon katako na gaske, ta sa masa suna Disklavier. Ni a bidiyo na gan shi a salula: kujera ba kowa, madannai suna sauka da kansu kamar aljani ya zauna. A ƙarƙashin kowane madanni akwai ɗan ƙarfe mai maganaɗisun kuran da ke tura shi daidai da lambar da aka adana. A irin wannan fiyano, rage murya ana cikin kiɗa ba ƙaramin abu ba ne, don ba lasifika ke fitar da sautin ba, guduma ce ke bugun tsirkiya. In ka rage, na'urar sassauta bugun take yi. Kuma akwai iyaka: guduma in ba ta samu isasshen ƙarfi ba, ba za ta kai ga tsirkiya ba sam. Shi ya sa ba ya iya yin raɗa kamar rediyo, sai dai a tare gudumomin gaba ɗaya a koma sautin kuran ta abin sa wa a kunne.

Namu na gida ba guduma, lasifika ne. Wannan ya sa akwai ƙarfi iri biyu a cikinsa, kuma rashin bambance su ne ya sa na yi ɓarna. Na farko shi ne lambobin nan, nauyin hannun Yaya a kan kowane sauti. Na biyu shi ne babban maɓalli, wanda ba ruwansa da lambobin, iyakarsa ya ce ga yawan abin da zai fita daga lasifika. Na farko ba ƙara kaɗai yake canjawa ba, har da launin sautin. Sautin da aka buga da ƙarfi yana da kaifi, wanda aka shafa yana da taushi. Ko ka rage babban maɓalli ƙasa sosai, in ka kasa kunne za ka gane inda ya buga da inda ya shafa, kamar yadda kake gane mutum na faɗa ko da daga bayan katanga uku ne.

Ga abin da na yi a daren nan. Inda Yaya ya sassauta hannu da gangan, ni na ɗaga. Inda ya taso da ƙarfi, ni na danne. Na mayar da tudu da kwari fili ɗaya. Sautukan suna nan, amma tazarar da ke tsakanin sanyinsa da zafinsa, wadda ita ce shi, na share ta da yatsa biyu. Inna ba ta san MIDI ba, amma ta san yadda ɗanta ke shiga magana a hankali kafin ya ɗaga murya.

Batun hannun hagu kuwa, laifin kunne ne, ba na fiyano ba. A 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka auna yadda ɗan Adam ke jin sauti. Suka nuna kunnenmu ya fi kama sautuka masu ɗan tsini, su kuwa masu kauri na ƙasa sai sun yi ƙarfi sosai kafin mu ji su daidai da sauran. In an rage komai baki ɗaya, masu kaurin ne ke fara nutsewa. Shi ya sa wasu tsofaffin rediyo-kaset ke da wani maɓalli na daban mai ƙara kauri in ana sauraro a hankali.

Abin da nake yi yanzu

Wanda ke da irin wannan fiyano a gida, ko ma salula da lasifika, ga abin da wahala ta koya mini. Kafin in danna, sai na mayar da maɓalli ƙasa gaba ɗaya, kiɗa ya fara, sannan in ɗaga a hankali. Ba na auna murya da wurin da ya fi ƙara. Ina neman wurin da ya fi sanyi a kiɗan, in tsayar da maɓalli inda Inna za ta ji shi ba tare da ta karkata kai ba. In wurin ƙarar ya yi yawa, ba babban maɓalli nake taɓawa ba: gangar rakiya tana da nata ma'auni a cikin fiyanon, ita nake ragewa, don ita ce ke ratsa katanga ta kai zaure. Na daina ajiye fiyanon a ƙofar ɗaki. Ina kawo shi dab da tabarmarta, saboda a fili, duk lokacin da ka ninka nisa sau biyu, sauti yana raguwa da kusan desibel 6. Kusanci ya fi ƙarin murya, kamar yadda masu gurmi suka sani tun da. Na ƙarshe, kuma mafi wuya: in na tsayar da shi, sai in ɗauke hannuna in zauna a kai.

Zan ƙara abu ɗaya don mu matasa. Yaya yakan dawo daga biki yana cewa kunnensa na kuka kamar gyare, mu yi ta dariya. Ba abin dariya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kar ya wuce awa 40 a mako yana sauraron sauti mai desibel 80, kuma da ƙara ta haura haka, lokacin yana raguwa da sauri ƙwarai. Lasifikan bikinmu sun wuce nan nesa. Ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa tsirowa. Wanda ya ƙona kunnensa da ƙara, wuraren sanyin nan ne zai fara rasawa, kuma na gaya muku a nan mutum yake.

In na taƙaita abin da na fahimta: shekara ɗari uku da suka wuce an ƙera fiyano don ƙarfin sauti ya zauna a yatsan makaɗi. Takarda mai huda, da rediyo, da kaset, da salula suka ciro wani ɓangare na wannan ikon suka miƙa wa mai sauraro. Yau dukanmu muna riƙe da shi, a fada, a kabu-kabu, a ɗakin kwanan ɗalibai da ƙarfe ɗaya na dare lokacin da na kusa da kai ke da jarrabawa. An ba mu abin da a da sai sarki, ba a koya mana ladabinsa ba. Ladabin kuwa fuska biyu gare shi: haƙƙin wanda ya yi kiɗan, kar ka baje masa tudu da kwarinsa, da haƙƙin wanda bai ce yana son ji ba.

Wannan na biyun ne ya fi ba ni tsoro a gidanmu, saboda Baba. Na auna, na sake aunawa, har na samu wurin da kiɗan ke cika tsakar gida bai kai zaure ba. Na ɗiga farin fenti a wurin don kar in ɓata. Matsala ɗaya ta rage: daidai wannan lokacin ne Baba ke sauraron labaran dare a rediyonsa, kuma muryar rediyon tana shigowa ta rufe wuraren sanyin. In na ƙara, na karya sharaɗi. In na bari, Inna ba ta ji. Na rasa yadda zan yi, kuma ba ni da bakin da zan ce wa mahaifina ya rage rediyonsa.

Makon jiya, daren Alhamis, na sa na uku, mai zamewar yatsan nan. Ana cikin farkonsa, inda Yaya ke tafiya a hankali, sai na ji rediyon zaure ya yi shiru. Ba a gama labarai ba, na san lokacinsu. Ban taɓa maɓallin ba, yana kan farin ɗigonsa. Amma kiɗan ya fito fes, har hannun hagu, kamar an ƙara shi. Inna ba ta ɗago kai ba. Muka ji shi har ƙarshe, har da kuskuren. Da ya ƙare aka ɗan jima, sannan rediyon ya dawo, a hankali.

Da safe na kai wa Baba ruwan alwala, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Sai da zan fita ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, "Guda nawa ya bari cikin abin nan?" Na ce biyar. Ya ce, "To. A kula da shi, kak ƙura ta shiga."